Gilashin tsohuwar jif ɗina da sai an roƙe shi yake hawa

Ranar da abin ya kai ni bango muna dawowa ne daga gona ta hanyar Kachia, ni da uwargida da yara biyu a baya, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas kuma duk wanda ya san ruwan Agusta a Kaduna ya san ba ya sallama. Kafin mu kai Kujama ya tsuge. Na danna makunni, gilashin gefenta ya fara tafiya kamar hawainiya, ya kai rabi ya tsaya cak. Na sake dannawa, shiru. Sai da na faka a gefen titi na zagaya cikin ruwa, na manna tafin hannuna biyu a jikin gilashin ina turawa sama ita kuma tana danna makunnin, a haka muka lallaɓa ya rufe, amma kafin nan ta jiƙe sharkaf har mayafi. Bata ce min komai ba har muka shigo gari, kuma magidanta sun san irin wannan shirun.

Motar Land Cruiser ce, samfurin da ake cewa 80, ƙirar 1994. Toyota ta yi irinta daga 1990 zuwa 1997, wato duk wadda ka gani a titi yau ta kusa shekara talatin ko ta haura. A hannun kawuna na saye ta, mai injin fetur ce lita 4.5 silinda shida, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 bana fito da ita sai tafiyar gona ko idan hanya ta ɓaci da damina, don shan manta sai dai addu'a. Amma maganar gaskiya inji lafiya, giya lafiya, inda take shiga a laka ƙananan motocin nan ko a mafarki. Gilashi ne kawai yake kunyata ni. A shingen jami'an tsaro ka danna ka zauna kana jira kai da su kuna kallon juna, a gidan mai ma haka.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, na lura duk abokaina masu tsohuwar Pajero da Patrol da Prado ta farko kukansu ɗaya ne, musamman gilasan baya.

Toh kuskuren farko da na yi shi ne wanda kowa yake yi. Na kai wa wani mai wayarin a bakin titi, ko ƙofar bai buɗe ba, ya danna sau biyu ya kara kunne yace Alhaji moto ya mutu sai sabo, wato ɗan injin lantarkin da ke cikin ƙofa mai ɗaga gilashi. Na tura yaronsa kasuwar Panteka ya samo ɗan Beljiyam, aka ɗaura, na biya kuɗin kaya na biya kuɗin aiki. Sati biyu ya ɗan yi dama-dama sannan ya koma gidan jiya. Dana koma sai yace ai kayan Beljiyam sa'a ne, yaron nasa kuma ya ɗauko baƙin mai a wata gora ya tsiyaya a cikin robar da gilashin yake bi. Wallahi a ranar kamar sabuwar mota, fiuu sama fiuu ƙasa, har na ƙara masa ɗan na shayi. Kwana huɗu ƙura ta bi man nan ta manne ta zama kamar kwalta, robar ta kumbura, gilashin ya fi da nauyi ga wani baƙin layi da yake bari a jiki duk sanda ya hau, in ka jingina hannun farar riga shikenan.

Dan Allah duk mai karanta wannan, kada ka bari a zuba maka baƙin mai ko giris ko kananzir a robar gilashi. Duk abin da aka yi da ɗanyen mai yana kumbura irin wannan robar, ga kama ƙura, mu kuma a nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce abincinmu.

Wanda ya warware min matsalar wani dattijo ne da maƙwabcina ya kai ni wurinsa ta wajen Tudun Wada, kowa Baba yake ce masa. Ya koyi aiki tun zamanin da ake haɗa Fijo a Kakuri, kamfanin da aka buɗe a 1975, kuma abin da ya fara yi shi ne dariya, yace ɗana a zamanin 504 hannunka ne moto, in gilashi ya yi nauyi kai da kanka zaka ji a kafaɗarka ka san roba ta bushe, yanzu kuwa da yake ɗan yatsa kawai kuke sawa ba ku san wahalar da abin yake sha a cikin ƙofa ba. Wannan maganar ita ce duk labarin gaskiya. Moton nan ɗan ƙarami ne, bai fi dunƙulen hannu ba, an yi shi ne ya ɗaga gilashin da yake zamewa sumul, ba ya yi kokawa da busasshiyar roba da giris ɗin da ya daskare tun mulkin soja ba.

Bai taɓa sifana ba sai da ya yi kusan minti goma yana wasa da makunnai. Ya gwada mota a kashe da makulli a buɗe, ya sa na tayar da inji ya sake gwadawa, ya ga da inji yana aiki ya fi sauri sosai. Dalili kuwa lafiyayyen batir a zaune yana bada volt 12.6 ne, in inji ya tashi altaneta tana caji sai ya kai wajen 14, toh in wannan ɗan bambancin yana canja tafiyar gilashi da yawa ka san wuta tana ƙaranci a wani wuri. Ya kunna fitilar rufin ciki yace in kalle ta, ya danna makunni, na ga ta ɗan dushe, yace kaga moto na da rai yana jan wuta, ƙarfi ne ya fi ƙarfinsa. Da a ce ka danna fitila ko gezau kuma babu ko ƙara daga cikin ƙofa, sai a fara zargin makunni ko waya ko fiyus. Ya kuma nuna min saukowa ba laifi, hawa ne matsala, don a saukowa nauyin gilashin na taimakonsa.

Sannan abin nan da yake tsayawa a rabi, ka bar shi minti ɗaya ko biyu ka dawo ya ci gaba, wanda har na fara tunanin ko motar kawu tana da mutanen ɓoye, ashe akwai ɗan abin kariya a cikin moton da yake yanke wuta in ya yi zafi don kada ya ƙone, in ya huce ya dawo da kansa. Ranar ruwan Kujama abin da ya faru kenan, zagayowar da na yi ce ta ba shi lokacin hucewa, ni kuma ina ta yaba ƙarfin hannuna.

Aikin farko da ya sa yaronsa, wanke roba. Aka sauke gilashi har ƙasa, ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori da tsumma da aka naɗa a jikin siririn itace, aka bi kwarmin nan tun daga sama har inda hannu zai kai. Ku zo ku ga abin da ya fito, jar ƙasa da yashi da baƙin man wancan yaron, har da busasshen ƙaiƙayin masara. An canja ruwa sau uku. Aka bari ya bushe sannan ya fesa maganin silikon, irin na gwangwani mai siririn tsinke a baki, ana samunsa a shagunan kayan mota, ka dai karanta jikin gwangwanin ka tabbata silikon ne ba irin wanda ake fesa wa noti mai tsatsa ba, don masu shago da yawa duk wani abin fesawa ɗaya suke ɗaukarsa. Aka hau da shi aka sauke kamar sau goma, aka goge abin da ya taɓa gilashin. Da wannan kaɗai, ba a kwance ko sukuru ɗaya ba, gilashin direba da nake ƙirgawa da agogon waya yana cin daƙiƙa goma sha huɗu ya dawo bakwai. Raina ya ɓaci dana tuna kuɗin moton Beljiyam.

Sai aka shiga cikin ƙofa. A nan zan ɗan daɗe don nan ne mutane suke ɓarna in sun ce zasu yi da kansu, kuma ana iya yi a gida ranar Asabar in kana da haƙuri, ni ƙofa biyu na ƙarshe da hannuna na yi a tsakar gida. Murfin ƙofa na ciki sukurori ne kaɗan, a wajen hannun buɗewa da wajen madogarar hannu, sauran duk ƙananan kilif ne na roba a zagaye kuma sun tsufa sun yi ƙarau, in ka fizga da ƙarfi zasu karye murfin ya riƙa kaɗawa har abada, saka abu mai faɗi ka ɓamɓare ɗaya bayan ɗaya, kuma ka sayi wasu ka ajiye kafin ka fara don dole sai biyu ko uku sun tafi. A bayan murfin akwai leda manne da baƙin danƙo. Wannan ledar ba ado ba ce, ita take hana ruwan da ya bi gilashi ya shiga ƙofa taɓa murfin da makunnai da sifika. Ƙofar da mai wayarin na farko ya buɗe ya yage ta ya yar, shi ya sa ƙasan murfin ya fara ruɓewa. Ɓare ta a hankali ka maida ita in ka gama, in babu ka yanko leda mai kauri ka manna.

Abin da yake ɗaga gilashin, wanda makanikai ke cewa injin gilashi, a irin motata mai kama da almakashi ne, ƙarfe biyu a gicciye da wani rabin faranti mai haƙora da moto yake juyawa, sai ƙananan tayoyin roba da suke gudu a cikin kwarmin ƙarfe a ƙasan gilashin. Giris ɗin da kamfani ya saka a wurin ya zama kamar busasshen tuwo, da sukundireba muka kankare shi. Aka wanke da ɗan kananzir a tsumma, ƙarfen kawai banda roba, aka shafa sabon farin giris a haƙoran da kwarmin da mahaɗar almakashin. Ba a cika shi dam, siriri ya isa, in ya yi yawa ƙura yake tarawa. Wasu motocin da suka biyo baya ba almakashi ba ne, waya ce irin ta birkin keke take naɗewa a jikin ɗan gare, wannan in ka ji tana ƙurus-ƙurus wayar ce ta fara tsintsinkewa, ba maganar giris, canja shi kawai kafin wata rana gilashin ya faɗa cikin ƙofa kana tsakiyar Kawo.

Gargaɗi ɗaya da Baba ya maimaita min har sau uku, kuma ya nuna min tabo a yatsansa: almakashin nan akwai sifirin mai ƙarfi a jikinsa da yake taimakon moto wajen ɗagawa, in ka kwance moto daga jikinsa ba tare da ka ɗaure shi ba zai iya tsinkewa ya datse maka yatsa. Kafin hannunka ya shiga ramin ƙofa cire kan batir, kada wani yaro ya zo ya danna makunni. Gilashin kuma ka ɗaga shi sama ka manne da salatif mai faɗi ta saman ƙofa. Notocin yawanci lamba goma ne.

Muna ciki ya leƙa ƙasan ƙofar da tocila yace in zo in gani, laka ce kwance ta kai kaurin yatsa biyu, ta toshe ƙananan ramukan da ruwa yake fita ta ƙasa. Duk mai shiga rafi da motarsa ko mai bin hanyar ƙauye da damina ya duba wannan, don ruwa in ya kwanta a ciki shi yake kawo tsatsa a injin gilashin da soket ɗin moto, daga baya ƙasan ƙofar kanta ta huje. Tsinken tsintsiya ya isa buɗe su.

Tsohon motona na asali kuwa, Allah ya sa ban yar ba yana but, Baba ya buɗe shi a gabana. Gawayin ciki da sauransu, wajen da suke gogawa ne ya yi baƙi, ya goge da samfefa mai laushi ya hure, ya canja giris ɗin ƙaramin giyar da ke kansa, ya jona shi kai tsaye da batir ya juya kamar ba shi ba. Shi muka maida, ɗan Beljiyam ɗin yana nan a gida cikin kwali. Ba wai moto ba ya mutuwa ba, yana mutuwa, in gawayi ya cinye ko wayar ciki ta ƙone zaka ji ƙauri. Amma jona shi da batir kai tsaye aikin minti biyu ne, duk mai gyaran da yace maka ya mutu bai yi wannan ba cinta kawai yake.

Saura maganar wuta, kuma ita ce dalilin da ya sa gilasan baya suka fi kowa lalaci a tsofaffin motocin nan. Yadda aka tsara su, wutar da take juya moto ta cikin makunnin kanta take bi, kuma komawarta zuwa jikin mota, abin da masu wayarin ke cewa at, sai ta dawo ta babban makunnin da ke ƙofar direba ko da daga baya aka danna. Ka duba nisan tafiyar, daga ƙofar baya ta dama ta bi ƙarƙashin kafet ta zagayo gaba ta ratsa soket kusan nawa ta shiga ƙofar direba, a siririyar waya mai shekara talatin, kowace mahaɗa tana cin nata kason. Baba ya sa mita a bakin moton baya ana dannawa, volt tara da ɗigo kaɗan muka gani alhali batir na nuna goma sha huɗu. Kuma a lura, sai ana dannawa gilashi yana tafiya ake aunawa, in ka zare soket ka auna haka kawai zai nuna maka cikakkiyar wutar batir ya yaudare ka.

Muka ciro babban makunnin muka buɗe a kan faranti, a kan faranti fa, don akwai ƙananan ƙarafa da sifirin da in suka yi tsalle cikin yashi sai dai haƙuri, kuma ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai. Bakin kowane ƙarfe ya yi baƙi da ƙuna saboda tartsatsin shekara da shekaru. Aka goge har jan ƙarfen ya fito fes, aka fesa maganin wanke soket. Sannan ya ja robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota, inda wayoyi suke lanƙwashewa duk buɗewa duk rufewa, muka samu ɗaya ta karye saura silli uku ko huɗu suke riƙe da ita. Ya yanke ya ƙara sabuwa ya yi mata dalma, ba murɗawa da salatif ba. Mita ta koma sha biyu da rabi.

Akwai masu saka rile, wato ɗan makunnin da wuta ce take danna shi, guda biyu a kowace ƙofa su ja sabuwar waya mai kauri daga batir, makunni ya zama umarni kawai yake bayarwa. Yana aiki sosai, na gani a Patrol ɗin wani abokina gilashi kamar zai tashi sama. Ni dai ban yi ba, a ganina in ka wanke roba ka sa giris ka gyara makunni kuma abin ya wadatar, ba dalilin ƙara wayoyi a tsohuwar mota. Wanda zai yi ya tabbata an sa fiyus kusa da batir. Kuma kada wani ya ce zai ƙara maka girman fiyus ko ya naɗa waya a madadinsa wai don wuta ta ƙaru, fiyus baya ƙara wuta, gobara kawai kake gayyata.

Wani abu da ban yi tunaninsa ba sai da uwargida ta faɗa, bayan ta huce: da can gilashin ko yatsa ka sa zai tsaya, yanzu ya samu ƙarfi, kuma irin motata bata da dabarar nan ta sababbi da gilashi yake komawa ƙasa in ya ci karo da hannu. Auta kuwa ba abin da yake so irin leƙa kai waje yana wasa da makunni. Yanzu maɓallin kulle na gefen direba kullum a danne yake in suna ciki.

Ƙofar baya ta hagu ce har yanzu bata gama saki ba, robarta ta tsage ta lanƙwashe a kusurwar sama kuma silikon baya ɗinke abin da ya yage. Na zaga Panteka sau biyu, duk waɗanda aka ciro min daga jikin motocin da aka yanka sun bushe kamar tawa, wani ma yana ta rantsuwa ta Hilux zata shiga, na gwada a wurin bata ko kusa ba. Na ba wani mai kawo kaya daga Legas lambar shasi yace in saurare shi ƙarshen wata. Kafin nan gwangwanin silikon yana aljihun ƙofa, duk ranar da aka wanke mota ina bin robobin huɗu da tsumma in ɗan fesa, waccan ta hagun kuma na hana kowa saukewa sai in ni ne a kusa.